Tambayoyin Masu Karatu: Rabuwa da Ɗan Wasan Gaba Mai Taurin Kai, Dabara ko Ganganci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'abocin karanta wannan shafi ne daga unguwar Jekadafari a cikin garin Gombe. Ni da yayana duka magoya bayan Arsenal ne, amma akwai magana guda da ta hana mu jituwa a gidan kallo. Duk ranar da ƙungiyar ta yi ta kai hari ƙwallo ta ƙi shiga raga, sai Yaya ya waiwayo daga bencin gaba ya dube ni ya ce, "Da Aubameyang yana nan, da tuni an wuce wurin," har masu zama kusa da mu sun haddace maganar, suna riga shi faɗa. Ni ina ganin koci Mikel Arteta ya yi daidai da ya sayar da shi, domin babu ɗan wasan da ya fi ƙarfin ƙungiya, shi kuwa cewa yake yi don cin ƙwallo ake biyan ɗan wasan gaba, ba don ladabi ba. Don Allah ka raba mana wannan gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaishe mini da Yaya, ka kuma shaida masa cewa hukuncin da zan yanke ba zai yi masa daɗi duka ba, kamar yadda kai ma ba zai yi maka ba. Sai dai kafin nan akwai gyara a tambayarka, domin Arsenal ba ta sayar da Pierre-Emerick Aubameyang ba. A farkon watan Fabrairun 2022 aka soke yarjejeniyarsa ya tafi Barcelona kyauta, alhali shekara huɗu kafin nan ƙungiyar ta biya Borussia Dortmund kimanin fam miliyan 56 don ta ɗauko shi. Wannan asara ta fi damuna fiye da tafiyar kanta.

Yaya yana da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata ka raina ta ba. Mutumin nan ɗan ƙasar Gabon ya ci wa Arsenal ƙwallo 92, ya raba takalmin zinare na gasar Firimiya da Mohamed Salah da Sadio Mané a kakar 2018/19 da ƙwallo 22, sannan a Kofin FA na 2020 shi kaɗai ya ci ƙwallaye huɗun da ƙungiyar ta zura wa Manchester City da Chelsea a wasan kusa da na ƙarshe da kuma na ƙarshe. Da ya isa Sifaniya kuwa, a rabin kaka kawai ya ci 11 a gasar La Liga, har da biyu a gidan Real Madrid ranar da Barcelona ta lallasa ta da ci 4 da nema a watan Maris na 2022. A daidai wannan lokaci Arsenal, wadda ba ta sayo kowa ya maye gurbinsa ba, tana fama da Alexandre Lacazette wanda ya ƙare kakar da ƙwallo huɗu kacal a Firimiya. Ta sha kashi a gidan Tottenham da gidan Newcastle a watan Mayu, ta ƙare a mataki na biyar da maki 69, maki biyu a bayan Tottenham, ta rasa gurbin Kofin Zakarun Turai da kuɗin da ke tattare da shi.

Kai kuma taka hujjar tana farawa ne daga watan Satumban 2020, lokacin da aka sabunta masa yarjejeniyar shekara uku da albashi mai tsoka. Daga nan cin ƙwallonsa ya ja baya: goma a Firimiya a kakar 2020/21, sannan huɗu a rabin farko na kakar da ta biyo baya. Adalci ne a tuna cewa a tsakanin nan ya yi jinyar zazzaɓin cizon sauro, mahaifiyarsa ma ta yi rashin lafiya. Amma akwai batun makara. A watan Maris na 2021 Arteta ya zaunar da shi a benci a wasan hamayya da Tottenham saboda ya makara, aka kuma ci wasan ba tare da shi ba, sannan a watan Disamba ya sake jinkirin dawowa daga wata tafiya da ya yi zuwa Faransa, aka karɓe kambun kyaftin daga hannunsa. Ka dubi waɗanda ke kallonsa a wajen atisaye a lokacin: Bukayo Saka, Gabriel Martinelli da Emile Smith Rowe, yara 'yan shekara ashirin zuwa ashirin da ɗaya. Kocin da ya ɗaga wa kyaftin mai shekara 32 ƙafa a kan makara ba shi da bakin da zai tsawata wa waɗannan yara gobe. A kakar 2022/23 ƙungiyar ta ci ƙwallo 88 a Firimiya, daga 61 a kakar da ta gabata, kuma cin ya rarrabu a tsakanin Martinelli, Martin Ødegaard, Saka da Gabriel Jesus, ta ƙare ta biyu da maki 84.

Abin da na lura da shi a irin waɗannan lamura shi ne, musun ladabi da cin ƙwallo ba ya kai mutum ko'ina, domin tarihi ya bai wa kowane ɓangare misalin da zai kafa hujja da shi. Tambayar da ke raba gardama ita ce, wa ke cikin gida ranar da fitinannen ya fita? A 2006 koci Sir Alex Ferguson ya rabu da Ruud van Nistelrooy, mutumin da ya ci wa Manchester United ƙwallo 150 cikin shekara biyar, bayan ya bar shi a benci a wasan ƙarshe na Kofin League da Wigan, dangantakarsu ta yi tsami. Ya tafi Real Madrid ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a La Liga a kakarsa ta farko, amma United ta lashe Firimiya sau uku a jere da Kofin Zakarun Turai na 2008, saboda Wayne Rooney da Cristiano Ronaldo sun riga sun nuna, fili kawai suke jira. Liverpool kuwa ta sayar da Luis Suárez ga Barcelona a 2014, bayan ya ciji Giorgio Chiellini a gasar cin Kofin Duniya, ta karɓi kuɗi masu yawa, sannan ta ɗauko Mario Balotelli, wanda shi ma ba kanwar lasa ba ne, ya ci mata ƙwallo ɗaya tak a Firimiya. Ƙwallayen ƙungiyar suka faɗo daga 101 zuwa 52, ita kuma ta gangaro daga mataki na biyu zuwa na shida. Haka Chelsea ta yi a 2017, lokacin da kocinta Antonio Conte ya sallami Diego Costa ta saƙon waya jim kaɗan bayan ya ci ƙwallo 20 an lashe Firimiya da su. Aka kawo Álvaro Morata, ƙungiyar ta ƙare ta biyar.

Akwai kuma laifin da ke wuyan mahukuntan Arsenal tun daga farko. Dortmund ta dakatar da Aubameyang fiye da sau ɗaya saboda saɓa doka, har a cikin watan da ya bar ta, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lokacin da ya fi dacewa a sayar da shi a samu kuɗi shi ne bazarar 2020, sa'ad da farashinsa ke sama, sai dai na san da an yi haka makonni kaɗan bayan ɗaga Kofin FA, da kai da Yaya kun haɗa baki kun zagi shugabannin ƙungiyar. Da aka bari sai da rikici ya fito fili, duk mai saye ya gane cewa Arsenal ce ke neman mafita, don haka babu wanda zai taya. A ra'ayina Arteta ya yi daidai da ya raba gari da shi, ƙungiyar kuma ta yi kuskure da ta bar kasuwar watan Janairu ta rufe ba ta sayo mai cin ƙwallo ba. Yaya yana da gaskiya a kan watanni huɗu, daga Fabrairu zuwa Mayun 2022. Daga nan gaba kai ne mai gaskiya, musamman idan aka tuna cewa da Aubameyang ya koma Landan a wannan shekarar, ƙwallo uku kawai ya ci wa Chelsea.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Fadamar Mada, Bauchi, kuma ina bin wasannin Victor Osimhen tun yana yaro. Yana ɓata mini rai idan na ji ana cewa Napoli ta huta da ta rabu da shi saboda wai yana da wuyar sha'ani. Ɗalibaina ma sun rabu gida biyu a kan maganar. Shin da gaske laifinsa ne?

Amsa: Malama, barka kadai. Ba zan ce Osimhen ba shi da zafin rai ba, domin duk wanda ya ga yadda ya fito a Instagram a watan Yunin 2024 ya yi wa kocin Super Eagles na lokacin, Finidi George, tatas ya san harshensa yana da kaifi. Amma zafin rai daban, sakaci da aiki daban, kuma a cikin fili ba ya rowar gudu ko guje wa karo. Takunkumin da yake sawa a fuska ya samo asali ne daga karayar ƙashin fuska da ya samu a wasa da Inter Milan a 2021. Shi ne ya ci ƙwallo 26 a kakar 2022/23, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Serie A, Napoli kuma ta lashe gasar a karon farko cikin shekara 33. Bayan 'yan watanni, a Satumban 2023, sai shafin ƙungiyar na TikTok ya saka bidiyon da ke yi masa ba'a a kan fenaretin da ya ɓarar a wasa da Bologna. Ƙungiyar da ta yi wa gwarzonta haka tana da kaso mai yawa a cikin duk tsamin da ya biyo baya.

Game da ciniki kuwa, dole a faɗi gaskiya, Napoli ta iya kasuwa. Da cinikinsa ya wargaje a ƙarshen watan Agustan 2024, sai ta ba da shi aro ga Galatasaray ta Turkiyya, bayan ta riga ta kawo Romelu Lukaku da Scott McTominay. Conte ɗin nan da ya yi gaggawa a kan Costa, wanda a lokacin ya zama kocin Napoli, wannan karon ya tanadi magaji tun da wuri, kuma ya lashe Serie A a 2025. Shi kuma Osimhen ya ci ƙwallo 37 a dukkan gasanni a kakarsa ta aro, ya ɗaga kofin lig da kofin ƙasar, har Galatasaray ta biya Yuro miliyan 75 ta mallake shi a bazarar 2025. Ki gaya wa ɗalibanki cewa Napoli ta ci riba, amma cin ribarta bai tabbatar da cewa shi ne mai laifi ba. Abin da nake jin takaicinsa shi ne shekarun ganiyarsa da magoya bayansa suka so su gani a Ingila ko Sifaniya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni nake kula da wata ƙungiyar matasa a unguwar Wunti, Bauchi. Muna da yaro ɗan shekara sha bakwai da ke ci mana ƙwallo kusan kowane wasa, amma sai ya ga dama yake zuwa atisaye, kuma yana yi wa abokan wasansa tsawa a gaban 'yan kallo. Wata ƙungiya ta nemi mu sakar mata shi. Mu bayar ko mu riƙe?

Amsa: Malam, yaro ɗan sha bakwai bai gama zama abin da zai zama ba, don haka kada ka auna shi da ma'aunin kyaftin mai shekara talatin da biyu. Ka fara bincika dalilin fashin atisayen, domin sau da yawa za ka tarar yaron yana koyon sana'a a gareji ko yana tsare wa mahaifinsa shago a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, kunya ce ta hana shi faɗa. Idan haka ne, sauya masa lokaci ya fi hukunci amfani. Tsawar da yake yi wa abokansa kuwa ba ta da uzuri, kuma maganinta benci ne a wasan da kowa ya san kuna bukatarsa, bayan ka sanar da mahaifinsa ko kawunsa abin da za ka yi.

Idan kun yanke shawarar sakinsa, kada ku yi shi da baki a gaban mai shayi. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, kuma ana bin tarihin rajistarsa ne wajen rabon. Ƙungiyar da ba ta yi rajista ba, ba ta kuma yi wa yaron rajista ba, ba ta da abin da za ta nuna ko da ya kai Turai. Ku je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ku daidaita takardunku, ku rubuta yarjejeniya da ƙungiyar da ke nemansa wadda ta ƙunshi kason da za ku samu idan ita ma ta sayar da shi gaba, iyayensa su sa hannu tun da bai kai shekara sha takwas ba. Kuma kafin ranar da zai tafi, ku fara saka wanda zai gaje shi a minti ashirin na ƙarshen kowane wasa.