Me ya hana a kwashe tashar jiragen ruwa daga tsakiyar gari?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Na sha zuwa Kwatano da Legas ɗauko kaya. Tashar jiragen ruwa tana cikin gari, manyan motoci sun toshe hanya, masu gari ko bakin teku ba sa samu. Me ya hana a kwashe ta?

Amsa: Alhaji, galibi tashar ce ta tara jama'a, sannan gari ya kewaye ta, kamar yadda unguwa ke kewaye tashar mota. Rikicin ya tsananta ne bayan 1956, da aka fara jigilar kaya cikin kwantena. Jirgin yau yana son ruwa mai zurfi, da fili mai faɗi na jibge kwantena, da hanyar da tirela za ta fice ba tsayawa. Tsakiyar gari ba ta da biyun ƙarshe.

Wasu sun kwashe ɗin. Maroko ta buɗe sabuwar tashar Tanja Med a 2007, kimanin kilomita 40 daga birnin Tanja, tsohuwar tashar ta koma ta fasinja da 'yan yawon buɗe ido. Legas ma ta buɗe ta Lekki a 2023, amma tsohuwar tashar Apapa da ke cikin gari na nan tana aiki, don 'yan dako da direbobi da masu fiton kaya a nan abincinsu yake.

Nan ne nake ja da masu gaggawa. Filin tasha in ya zama otal, ya tafi ke nan, ba mai rushe bene ya mayar da shi wurin sauke siminti. Landan ta rufe tsoffin tashoshinta, wurin ya cika da bankuna, amma ɗan dakon da ya rasa aiki ba shi aka ɗauka a banki ba.

Ni a ganina a raba kaya. Man fetur da taki da siminti su fita bayan gari, yadda aka gina matatar man Soraz nesa da Damagaram. Tirela kuwa ta jira a fili can waje sai an kira ta, irin tsarin da Apapa ta fara a 2021. Kwanakin da motarka ke ɓatawa a layi, ai mai saye a Dole ne ke biyan su.