Masu karɓar mujallata suna ta janyewa, in tsaurara hanyar fita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga 'yar mujalla duk wata, ina aika wa masu biyan kuɗin shekara ta gidan waya. Bana mutane sai janyewa suke yi, har abin ya fara hana ni barci. Wani ya ce in daina karɓar janyewa ta saƙo, sai mutum ya rubuto wasiƙa ya jira wata guda. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da raba sunayen nan gida biyu. Akwai waɗanda suka ce ba sa so. Akwai kuma wanda katin bankinsa ya daina aiki, da wanda ya tashi daga gida bai canza adireshi ba, da wanda bugu biyu ba su iso shi ba ya haɗiye fushinsa. Waɗannan ba guduwa suka yi ba. Takardar tuni tun saura wata uku wa'adi ya cika, da kiran waya ɗaya, sukan dawo da su. Ka fi sa ido kan 'yan shekarar farko, don a sabuntawar farko aka fi zubewa.

Amma shawarar mutumin nan, kul! Kullum sai na ji ta daga bakin masu kiran kansu ƙwararru, na kuma gaji da ita. Wanda ka wahalar bai fasa tafiya ba, jinkiri kawai ya yi. Zai je banki ya ce a toshe cirar kuɗin, ya ba abokansa labari, in ka sake aika masa tayin dawowa ko buɗe ambulan ɗin ba zai yi ba. Alhali wanda ya fita da mutuncinsa shi ne mafi sauƙin dawowa. Lissafinka zai yi kyau wata biyu ko uku, su masu shawara sun karɓi ladansu sun ƙara gaba, kai aka bari da baƙin jini. Ko Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, duk girmansa, hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta maka shi a kotu a 2023 kan wahalar da masu son fita daga Prime, tsarinsa na biyan kuɗin zama mamba, ya ƙare da amincewa ya biya dala biliyan 2.5 a 2025. Kai da kake rayuwa da amanar mutanen da kusan duk ka san sunayensu, me za ka biya da shi?

Duk wanda ya ce zai fita, ka sallame shi ran nan, ka mayar masa da sauran kuɗinsa. Tambaya ɗaya kawai za ka yi masa: me ya sa? In ya ce mujallu sun taru bai karanta ba, ka ce a dakatar masa wata uku, ka kuma rubuta ranar da za ka neme shi.