Fatawa: Hukuncin Kallon Finafinan Gawarwaki Masu Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 13 ya kamu da son finafinan zombi da littattafan labari cikin zane, inda matattu ke tashi suna cin mutane. Shekaranjiya ƙanwarsa ta tambaye ni ko kakarsu da aka binne bara ita ma za ta fito. Mene ne hukuncin wannan kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan kakarsu, ya shirya mana zuri'a.

Tambayar yarinyar nan ta fi taka nauyi, ɗan'uwa, da ita zan fara. Ka zaunar da ita cikin lallashi ka gaya mata wanda ya rasu ba ya dawowa duniya. A Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, Allah ya ba da labarin wanda mutuwa ta riska yana roƙon a mayar da shi, aka ce masa a'a, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Waɗanda Annabi Isa (AS) ya rayar, da mutumin da ya shekara 100 a mace a Suratul Baƙara, ayoyi ne da izinin Allah, kuma da hankalinsu suka dawo, ba ruɓaɓɓu ba. Duk wanda ya ƙudurce cewa boka ko wata cuta na iya tayar da gawa ya saɓa wa Alƙur'ani. Haka ma zancen fatalwa da muka taso muna ji.

Asalin zombi ƙasar Haiti ne, cikin jikokin bayin da Faransawa suka kwaso daga Afirka zuwa gonakin rake. Sun camfa cewa boka na tono gawa ya sa ta bauta a gona. Abin tausayi, tsoron bawa ne kada mutuwa ma ta kasa 'yanta shi. Lokacin da sojojin Amurka suka mamaye Haiti, daga 1915 zuwa 1934, labarin ya ƙetara, aka yi fim a kansa a 1932. A 1968 mai shirya fim George Romero ya cire bokan, ya mayar da gawar mai cin naman mutane, a 2005 kuma kamfanin Marvel, mai buga littattafan labari cikin zane, ya mayar da jarumansa ma haka.

Me ya sa abin ya karɓu? A ganina, don an samo abokin gaba mai surar ɗan Adam wanda za a fasa wa kai, a daddatsa, mai kallo bai ji ko ɗar ba. A nan matsalar take. Ƙirƙirarren labari a karan kansa ba haramun ba ne matuƙar an san ƙirƙira ce. Da tatsuniyar dodo aka rene mu. Amma addini ya girmama gawa. Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma Annabi (SAW) ya hana wulaƙanta gawa ko ta maƙiyi ce a fagen yaƙi. Mu wanka muke yi mata, mu sa likkafani, mu yi salla, mu raka ta makabarta. Yaron da ya saba ganinta abin sara, da wace zuciya zai tsaya a jana'iza?

Saboda haka, baligin da ya san ƙarya ce, kallonsa bai kai kafirci ba, amma mafi ƙarancin hukuncinsa karhanci ne. Yana zama haramun idan da tsiraici, ko ɗaukaka sihiri, ko ya kai ga tozarta salla. Ƙananan yara kuwa wajibi ne a kare su, musamman da cutarwar ta riga ta bayyana a gidanka. Ka tunatar da yayan cewa bai halatta musulmi ya firgita musulmi ba, balle ƙanwarsa.

Kada ka fara da bulala ko fasa waya, zai koma kallo a ɓoye. Ka nema masa labaran jarumta masu tsabta, sannan ka ɗauke shi ku ziyarci kabarin kakarsa, ka koya masa sallamar da ake yi wa mazauna kabari.

Wallahu a'alam.