Tambaya da Amsa: Ta yaya baƙi suka hau gadon sarautar Masar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji an ce wasu baƙi da ake kira Hiksos sun afka wa Masar da dawakai da kekunan yaƙi, suka ƙwace mulki. Gaskiya ne?
Daga wani ɗalibin tarihi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mulki kam sun yi, daga wajen shekarar 1650 zuwa 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsohuwar takardar jerin sarakuna da ke ajiye a birnin Turin na Italiya ta lissafa musu sarakuna 6 a shekara 108. Zancen harin ba-zata kuwa daga Maneto ya fito, wani malamin bautar Masar da ya yi rubutu bayan sama da shekara 1,200, kuma abin da aka tono daga ƙasa bai mara masa baya ba.

Babban birninsu shi ne Abaris, wurin da a yau ake kira Tell el-Dab'a, a gabashin inda Kogin Nilu ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Manfred Bietak na Ostiriya ya fara haƙa a wurin a 1966. An iske mutanen Sham da Kan'ana sun zauna a can tun wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da gidaje irin na garinsu, da kaburbura a cikin unguwa, wani lokaci har da jakuna a binne a bakin kabarin babban mutum. A 2020 aka fitar da binciken haƙoran mutum 75 na wurin. Haƙori yana riƙe sinadarin sitirontiyom na ruwa da abincin inda mutum ya yi ƙuruciya, don haka yana nuna ɗan gari da baƙo. Sakamakon ya nuna baƙi sun yawaita tun kafin mulkin Hiksos, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu. Wannan ya fi kama da ƙaura da auratayya. A ganinmu, sannu a hankali suka yi ƙarfi, da gidan sarautar Masar na 13 ya raunana sai suka hau.

Ko da suka hau, arewa kawai suka riƙe, iyakarsu wajen garin Kusae. Sun ɗauki laƙabin sarautar Masar da rubutunta, suka bauta wa Set, ɗaya daga cikin gumakan Masar. Shahararriyar takardar lissafi ta Rhind ma a shekara ta 33 ta sarautar Apepi, wani sarkin Hiksos, aka kwafe ta.

TAMBAYA: To yaya aka yi suka faɗi?
Daga wata malamar makaranta

AMSA: Malama, sarakunan Tebes da ke kudu ne suka tayar musu. Gawar Sarki Sekenenre Tao tana nan har yau, da saran gatari a goshi wanda ya dace da irin gatarin mutanen Sham. Sarki Kamose da ya gaje shi ya ci gaba da yaƙin, kuma a rubutun dutsen da ya kafa a Karnak ya ce mutanensa sun tare manzon Apepi ɗauke da wasiƙa zuwa ga sarkin Kush, masarautar da ke kudu da Masar, yana neman ya far wa Tebes ta baya. Sarki Ahmose na ɗaya na Tebes ne ya ci Abaris, ya bi Hiksos har Sharuhen a kudancin Kan'ana, ya yi wa garin ƙawanya shekara 3. Wannan bayani yana rubuce a kabarin wani sojansa a El-Kab, wanda ya ce ya riƙa bin keken yaƙin sarki a ƙasa.