Makullin cen ɗin keke, za a iya dogara da shi?

Tambaya: Salam Malam. Na sayi keke na gwanjo mai giya 9, da na kai gyara sai mai gyaran ya haɗa min cen da ɗan makullin nan mai ɓari biyu da ake ɗanawa ba sai an buga fin ba. Abokina ya ce wai a nan cen zai tsinke in ina hawan tudu. Da gaske ne? Kuma zan iya riƙa buɗe shi in wanke cen in mayar? Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, in dai makullin daidai da cen ɗin ne kuma ya zauna sosai to ba shi ne zai ba ka kunya ba. Ni na ma fi yarda da shi a kan fin ɗin da ake turowa waje a sake mayarwa, saboda cen mai giya 9 zuwa sama bakin fin ɗinsa a daddanne yake tun daga kamfani, da zarar ka tura shi ya fita ramin ya buɗe ke nan, ko ka mayar ba zai ƙara kamawa kamar da ba, irin wannan ne yake ɓallewa mutum na tsaye kan feda. Kamfanin Shimano masu ƙera kayan keke ma da suka daɗe suna nacewa sai fin nasu na musamman, yanzu akwai makullinsu na giya 11 da 12.

Abin da yake kawo matsala shi ne saka wanda ba nasa ba. Tsawon gaɓa duk ɗaya ne, rabin inci, shi ya sa kowanne zai yi kamar ya shiga, amma faɗin ba ɗaya ba, yawan giya sirancin cen. Na giya 8 a cen ɗinka zai yi sako-sako yana gogar haƙoran gefe, na 10 kuma ya matse gaɓar ta ƙi lanƙwasa. Goge makullin ka duba, yawanci akwai lamba a jikinsa, ka tabbata 9 ce.

Sai kuma rashin zama. Wasu da hannu kawai suke ja su ce ya yi, alhali fin bai kai ƙarshen raminsa ba. Juya feda har makullin ya dawo layin sama na cen, riƙe birkin baya gam, ka taka feda da ƙarfi sai ka ji ƙas, sannan ka leƙa ɓangarorin biyu da idonka. In akwai kibiya a jikinsa ta kalli inda cen yake tafiya. Masu Phoenix da tsohon Raleigh ma haka ne, ɗan kilif ɗin nan da yake riƙe makullin cen ɗinsu, rufaffen bakinsa ne yake gaba.

Maganar buɗewa kuwa ka yi sa'a, makullin PowerLink na kamfanin SRAM mai giya 9 ana buɗe shi a mayar, Connex na kamfanin Wippermann ma haka ba sai da filaya ba. Amma PowerLock na SRAM mai giya 10 zuwa 12 da na Shimano sau ɗaya kamfani ya ce a yi amfani da su. Duk da haka kar ka mai da shi aikin kowane mako, in ƙurar hunturu ce, tsumma da ɗan kananzir sun isa ka goge cen yana jikin keke, sai ka ɗiga mai mai tsabta, ba baƙin man mashin ba don Allah. Ranar da ka canza cen ka canza makullin tare, kuma ka ajiye guda ɗaya na giya 9 a jakar keke.