Kifin ƙasan akwati ba mai shara ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen kogi a yankin Ringim. Wata biyar ke nan da na sayo akwatin gilashi na kifin ado a Kano, tsawonsa ƙafa biyu, yana cin jarka biyu na ruwa da ɗan ɗoriya. A ciki akwai ƙananan kifaye masu launi guda 12, gupi da moli, sai wasu biyu masu gashin baki da ake kira koridoras, da wani baƙi mai manne wa gilashi da aka ce mini sunansa fileko. Mai sayarwa ya ce waɗannan ukun masu shara ne, kashin sauran suke ci, ba sai na ba su abinci ba. Kwanan baya ɗana ya kamo ɗan kurungu a kogi, muka saka shi. Yanzu koridoras ɗaya ya mutu, ɗayan kuma gashin bakinsa ya guntule, cikinsa ya lotsa ya yi ja, yana ta hawa sama yana haɗiyar iska. Maƙwabcina mai kiwon tarwaɗa ya ce in zuba gishiri da kafson nan ja da rawaya. In zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Kada ka zuba, ko gishirin ko kafson. Abu biyu ne suka haɗu wa kifinka, yunwa da ƙazantar ƙasan akwati, kuma babu wanda kafso yake warkarwa a cikinsu.

Maganar mai sayarwa ita ce tushen abin. A cikin waɗannan kifaye babu wanda yake rayuwa da kashin ɗan'uwansa. Za ka ga koridoras ya tsinci abu a yashi ya mamula ya tofar, ka zaci shara yake yi, alhali neman tsutsa yake bai samu ba. Asalinsa daga ƙoramun Kudancin Amurka yake, inda yake wuni yana tonon yashi mai laushi da gashin baki, yana zaƙulo tsutsotsi da ƙwayayen ƙwari. Mai cin nama ne. A akwatinka kuwa, garin abincin da kake barbaɗawa a saman ruwa yake tsayawa, gupi da moli 12 su yi masa rubdugu kafin ko ɓurɓushi ya nutse. Wata biyar yana jiran abin da ya subuce daga bakin wasu. Lotsewar cikin nan da ka gani ba wata cuta ba ce mai suna, rama ce.

Abincinsa dole ya zama mai nutsewa, kuma a ba shi lokacin da na sama suka lafa. Bayan isha'i ka kashe fitilar akwatin, ka jira kamar minti 20, sannan ka jefa a kusurwa ɗaya, kullum wuri ɗaya. Masu sayar da kifin ado a Kano suna da ƙwayar abinci mai nutsewa, faffaɗa kamar ƙwayar magani. Idan ba ka samu ba, abincin 'ya'yan tarwaɗa da ke wurin maƙwabcinka zai yi, ƙananan ƙwayoyi masu milimita 1 ko 2, amma ka jiƙa su a murfin kwalba ka ɗan matse da yatsa domin su nutse, don an yi su ne su yi iyo. Ka riƙa ba da kaɗan ƙwarai, ƙwaya uku ko huɗu ga kifi ɗaya, saboda abincin kiwo ne mai yawan mai, an haɗa shi domin a ƙiba kifi cikin wata shida a kai kasuwa, kuma yana saurin ɓata ruwa. Duk abin da ka tarar da safe bai ciyu ba, ka tsotse shi da tiyo ka rage na daren gobe.

Kai da kake ƙauye ma ka fi na birni samun abin da ya fi ƙwayar kanti. Tana ita ce kan gaba: ka tono, ka wanke, ka yayyanka ƙanana da reza, sau biyu ko uku a mako. Tsutsar sauro da ke cikin tsohuwar randa ko kaskon kaji ma abinci ce mai kyau, ka tace ta da tsumma ka ɗauraye, ka rage wa gidanka sauro a lokaci guda. Farkon damina idan shinge ya fito, a cire fikafikan a ba su biyu ko uku. Sharaɗi ɗaya ne: kada a tono tana a fadamar da aka yi wa feshi. Biredi, tuwo, dusa da gero kuwa, waɗanda na san yara suna son jefawa, a hana su. Narkewa suke yi su ruɓe a cikin tsakuwa.

Fileko shi kuma cimarsa daban. Gansakuka da ganye ne yawancin abincinsa, kuma ɗan koren da ke jikin gilashin akwati mai ƙafa biyu ba ya isarsa ko na mako guda. Ka yanka gurji ko kokwamba ko kabewa, ka ɗan tsoma a ruwan zafi, ka soke da cokali mai yatsu don ya zauna a ƙasa, ka sa da dare ka cire da safe. Ganyen alayyafo ko latas da aka yi wa haka ma yana ci. Idan ya ji yunwa sosai yakan koma manne wa wasu kifayen da dare yana tsotsar yauƙin jikinsu. Akwai kuma abin da mai talla bai faɗa maka ba: irin wanda aka fi kawowa kasuwa yana wuce santimita 30, wasu har 45, kuma yana kashi fiye da duk sauran kifayenka a haɗe. Nan da shekara guda akwatinka ya yi masa kaɗan. In da hali ka mayar da shi tun yanzu. Amma don Allah kada a sake shi a kogi, domin a ƙasashe irin su Filifin da Meksiko haka aka yi, ya hayayyafa ya addabi masunta.

Yanzu ga gashin baki da jan ciki, inda na fi so ka natsu. Duk abin da ya lalace a akwati ƙasa yake komawa: kashi, ragowar abinci, ruɓaɓɓen ganye. Gupi yana can sama, amma koridoras a kan wannan dattin yake kwana, cikinsa yana gogarsa, bakinsa yana ciki. Idan aka haɗa da tsakuwa mai kaifi, irin farfasasshen dutsen nan mai fenti da ake haɗa wa mutum idan ya sayi akwati, sai gashin ya riƙa ƙujewa, ƙwayoyin cuta su shiga ciwon su cinye shi. Gashin nan ba ado ba ne, da shi yake ɗanɗano ya gane abinci. Ka ga ke nan yunwa ta raunana shi, ciwon kuma ya hana shi samun ɗan abin da ya rage. Shi ya sa na ƙasa suke fara mutuwa alhali na sama suna ta wasansu, mai akwati ya ce ai ruwan lafiya lau yake tunda garau yake gani.

Ruwa garau ba shaida ba ce. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce da ido ba ya gani. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a soson matata, wato na'urar da ke tace ruwan akwati, su ne suke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan su mayar da ita naitiret mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa yake fitarwa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon akwati ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Kafson da aka ce ka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, bai san na kirki da mugu ba. Ka zuba shi yau, ka kashe na soson, jibi amoniya ta hau, ka rasa har gupin da ba su da laifi. Gishiri kuma moli yana jure shi, tarwaɗa ma tana jure ɗan wankan gishiri, shi ya sa maƙwabcinka ya ga yana yi masa aiki. Koridoras ba ya son sa, balle wanda fatar cikinsa ta riga ta saɓule. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, dabarar tafkin siminti ba ta akwatin gilashi ba ce.

Abin da za ka yi shi ne wannan. Ka samo yashin rafi, wanda ba ka rasa shi a wajenku. Ka tankaɗe da rariya, ka wanke har ruwan ya fito fari, ka zuba masa tafasasshen ruwa, ya huce. Ka kwashe tsakuwar ka shimfiɗa shi, kaurin gaɓar yatsa ɗaya ya isa, in ya yi kauri ƙasansa zai yi baƙi ya yi wari. Sannan na tsawon mako biyu ka riƙa cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu, kana jan tiyo a saman yashin yana tsotse dattin. Bayan nan sau ɗaya a mako ya wadatar. Kada ka taɓa juye ruwan duka ka wanke akwati da omo, kuma soson matata a cikin ruwan da ka cire za ka matse shi. Idan gashin bai cinye har gindi ba, zai sake tsirowa cikin 'yan makonni.

Ruwan rijiya ko na burtsatse yana da kyau, amma ka ɗebo ka ajiye shi ya kwana a bokiti a ɗakin da akwatin yake, don ya sha iska kuma zafinsu ya zo ɗaya. Wanda ya fito daga baƙin tanki da tsakar rana kada ya shiga kai tsaye. Wanda aka sa wa alif ko maganin tsabtace ruwan sha ma a bar shi. Bokitin kifi kuma ya zama nasa shi kaɗai, a gaya wa uwargida da yara.

Hawa sama da haɗiyar iska, a wurin koridoras, ɗabi'a ce: yana haɗiye ta ne ya shaƙa ta cikin hanji. Jefi-jefi ba komai. Idan ya zama kusan kowane minti, iskar ruwan ta yi ƙaranci. Shi ruwa mai zafin digiri 22 zuwa 26 yake so, mu kuma a bazara, Maris zuwa Mayu, zafin waje yana haura 40, ruwan akwati a ɗaki mai rufin kwano ya wuce 30 cikin sauƙi. Ruwa yana ɗumi iskar da yake riƙewa tana raguwa, buƙatar kifi kuma tana ƙaruwa. Ka mayar da akwatin ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa in akwai, nesa da taga. 'Yar fankar sola da ke hura saman ruwa tana sauke zafi da digiri biyu ko uku. Idan wuta ta ɗauke kuma ba ka da famfon iska mai batir, wato ɗan injin da ke hura iska cikin ruwa, ka riƙa ɗiban ruwan da moɗa kana kwararo shi daga sama, kuma ka tsallake abincin wannan daren.

Da hunturu matsalar juyewa take yi. Sanyin asuba na Disamba da Janairu yana sauke zafin ruwa farat ɗaya, a nan ne ake ganin fararen ɗigo kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, yana goga jiki a yashi. Lulluɓe akwatin da bargo da dare yana taimakawa. Idan ta kai ga sayen maganin ɗigon, ka zuba rabin abin da aka rubuta a kwalba, domin kifaye marasa ɓawo irin kurungu ba sa jure cikakken awo, kuma ka guji duk wanda aka ce akwai jan ƙarfe a cikinsa.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma ni ya taɓa cina. Shekarun baya aka fesa fiya-fiya a ɗakin da akwatina yake aka rufe ƙofa, famfon iska yana ta zuƙa yana turawa cikin ruwa. Da gari ya waye babu ko ɗaya mai motsi. Maganin sauro na feshi ko na hayaƙi, duk kada a kunna su inda kifi yake.

Saura kurungun ɗanka. Ni ina ganin ya fi duk waɗanda ka sayo dacewa da garinku, don ɗan gida ne, ya san zafinmu, kuma ba ya zaɓen abinci: tana, ƙwaya mai nutsewa, har gurjin fileko zai taɓa. Wasu irinsa ma kifewa suke yi su yi iyo ciki a sama, kada yaro ya gani ya zaci mutuwa zai yi. Sai dai an yi gaggawar saka shi. Kifin da ya fito daga kogi ana ware shi a baho daban mako uku zuwa huɗu a ga ko yana ɗauke da ƙwari. Tunda ya riga ya shiga, ka sa ido kan sauran. Ka kuma sani yawancin kurungun kogunanmu suna kai taƙi guda ko fiye, kuma da dare zai riƙa tsince 'ya'yan gupi, ya ture koridoras daga abinci. Ka kifa wa kurungun tsingaron tulu marar fenti ya riƙa ɓuya a ciki, ka goge bakinsa da dutse don kada ya yanke shi, ka riƙa jefa abinci a kusurwa biyu. Idan ya kai tsawon tafin hannu, ya samu baho nasa. Ɗan tarwaɗa kuwa, idan gobe an kawo maka, kada ma ka fara, kura ce a garken awaki.

Akwati mai lita 50 da 'yan kai ya riga ya cika da abin da ke ciki. Idan fileko ya fita, ruwa ya daidaita, koridoras ɗin da ya rage ya murmure, ka ƙaro masa 'yan'uwa huɗu ko biyar, domin koridoras kifin garke ne, shi kaɗai ɓuya yake yi ya ƙi ci. Kafin nan, duk dare bayan ka jefa abinci ka dawo da tocila, ka rufe bakinta da yatsu ka leƙa, ka tabbatar bakinsa ya kai ga ƙwayar. Kuma ranar da za ka canza yashi, ka kama koridoras da kurungun da kofi ko robar ruwa, ba da raga ba. Ƙayoyin gefensu suna miƙewa su kulle, su sarƙe a raga, kuma in suka soki yatsa za ka wuni kana jin zafin.