Amsa ga mai tambaya kan kansar huhu ga wanda bai taɓa shan sigari ba

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce likita yana zargin kansar huhu ce ke damun yayanki, alhali ko karan sigari bai taɓa kaiwa baki ba, kina tambayar ta ina cutar za ta shigo. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Gaskiya sigari ce kan gaba, amma ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya kamata a fara bincika shi ne irin iskar da ya yini yana shaƙa shekara goma sha biyar zuwa talatin da suka wuce, don wannan cuta ba ta bayyana da wuri.

A nan Zamfara, ƙurar dutse zan sa a farko. Kowa ya tuna 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙa dutsen zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Hankali ya tafi kan dalma, tunda ita ke taɓa ƙwaƙwalwar yara nan take. Amma dutsen da ake niƙawa a nemi zinari yana ɗauke da wani sinadari da ake kira silika, shi kuma huhun manya yake ci a hankali. Ƙurar da ido ke gani, mai sa atishawa, yawanci hanci da maƙogwaro suna tare ta. Ta ɓarnar ita ce wadda ba a gani, wadda ke wucewa har ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai wurin ya yi ta kumburi yana tabo, daga nan ƙofar tarin fuka da ta kansa su buɗe. Mai injin niƙa dutse, mai daka a turmi, mai tankaɗe, mai fasa dutsen gini, mai yanka tayil da giranda, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Maganin ba mai tsada ba ne: ruwa. A jiƙa dutse kafin a niƙa, a riƙa yayyafi a bakin inji, kada a share wurin a bushe. Rufe hanci da rawani ko ƙyalle kwantar da hankali ne kawai. Takunkumin N95 ne ke tarewa, shi ma sai ya kama fuska sosai. Mai cikar gemu ya sani iska na bi ta gefe. Kayan aiki kuma a cire su a can, kada a kakkaɓe su a tsakar gida.

Na biyu hayaƙin girki, kuma a nan mata ne abin ya fi shafa. Murhun duwatsu uku a ɗakin girki marar taga, ɗanyen itace, ga leda da ake sawa don wuta ta kama, shekara talatin ana haka safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara, kansar huhu na cikin hanyoyin. In bangon kicin ya yi baƙi ƙirin, to ki kwatanta da ƙirjin mai girkin. A yi girki a fili in zai yiwu, ko a buɗe taga biyu masu kallon juna, ɗaya can sama kusa da rufi. A busar da itace, a daina hura wuta da roba. Wanda Allah Ya hore wa gas ya koma kansa.

Sai asbesto, wato tsohon silin da kwanon rufin nan mai kamar siminti na tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu. In yana zaune lafiya bai fashe ba, a bar shi. Matsalar tana tashi ne ranar da kafinta ya sa masa zarto ko aka rushe ɗakin, zaren da ke cikinsa ya bi iska a shaƙe shi. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, kada a ba yara ɓaraguzan su yi wasa.

Akwai kuma radon, iskar da ke fitowa daga ƙasa da duwatsu, ba wari ba launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana jawo kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu, gwargwadon ƙasa. Tana taruwa a rami mai zurfi da ɗakin da ke yini a kulle, musamman in daɓe ya tsage. A toshe tsagar da siminti, a bar iska ta ratsa.

Hayaƙin dizal tun 2012 aka tabbatar yana jawo kansar huhu, na walda kuma a 2017. Don haka janareta a bakin taga, ko babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, ba abin wasa ba ne. Zama ɗaki ɗaya da mashayin sigari ma yana ƙara haɗarin da kashi 20 zuwa 30.

Inda aka fi yin asara a wajenmu shi ne ɗaukar kowane tari mai jini a matsayin tarin fuka. Alamominsu iri ɗaya ne: rama, ciwon ƙirji, haki, dushewar murya. In gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, ko an yi wata biyu ana shan magani ba sauƙi, ku nemi hoton ƙirji na CT, sannan a ɗebi ɗan nama a auna, don shi ne kaɗai ke tabbatarwa. Ku fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, in ta kama su tura ku asibitin koyarwa na Sakkwato. Ranar ganin likita ku tafi da tsofaffin hotuna da takardun gwaji, ku rubuta masa duk sana'ar da yayan naki ya taɓa yi da yawan shekarun da ya yi a kowace, ko da ya daɗe da barinta.